Dan Allah lambobin nan na latitud da waya ke nunawa, mi suke nufi?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da zafi. Ina da tambaya ga masana, ku yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Satin da ya wuce aka ce mu cika fom na wani shirin tallafin taki da iri kafin damina ta sauka, ba sai na faɗi sunan masu shirin ba. A cikin fom ɗin akwai gida biyu da aka ce a sa kodinet ɗin gona, ɗaya latitud ɗaya longitud. Ni dai na hau mashin na tafi gonarmu ta gado da ke gabas da garin Katsina ta hanyar Daura, na tsaya gindin wani gawo da ke tsakiyarta, na buɗe kamfas ɗin cikin waya, ya nuna mani 12°59' da N a gaba, sai 7°41' da E. To fom ɗin ba ya karɓar wannan ɗan zagayen na sama, ɗigo kawai yake ɗauka, ni kuma sai na rubuta 12.59 da 7.41 na tura abina na koma shago hankali kwance. Jiya sai ga kira, wai gonata ba ta cikin ƙaramar hukumar da na rubuta, a taswirarsu ta faɗa can wajen Kurfi, har yarinyar da ta kira tana tambayata cikin ladabi ko gonar wani na ara. Gonar da kakana ya sare dajinta da hannunshi fa!

Shi ne nake so a fahimtar da ni abu biyu. Ina na yi kuskure? Sannan su waɗannan lambobin daga ina ake ƙirgo su, 12 ɗin mi, daga ina zuwa ina? A sakandare an nuna mana layuka a jikin ƙwallon duniyar nan da ke kan teburin firinsifal amma wlh haddacewa kawai muka yi don jarabawa. Da na ba Babanmu labari dariya ya yi, ya ce shekararshi saba'in da wani abu yana yawo a ƙasar nan, daga Jibiya har Ikko bai taɓa yin tuntuɓe da wani layi ba, Bature ne kawai ya zana abinshi a takarda. Na rasa amsar da zan ba shi.

Baban Zee:

Wa alaikumus salam. Kai dai ka gode Allah an ba ka sabuwar gona a Kurfi kyauta, sai ka je ka duba ko ta fi ta gadon kyau hhhh. Bari masana su zo.

Mai Awon Fili:

Ɗan'uwa kar ka damu, aikin safiyo nake yi shekara da shekaru kuma wannan kuskuren kusan kowane wata sai an kawo mani irinshi, har masu digirin jami'a suna yi.

Matsalar ita ce ɗigo da ɗan zagayen nan ba abu ɗaya ba ne. Abin da wayarka ta nuna shi ne digiri 12 da minti 59, kuma minti 60 ne ke yin digiri guda, daidai da yadda minti 60 ke yin awa. Ka ga idan direba ya ce maka tafiyar awa biyu da minti 30 ce, a lissafin ɗigo 2.5 za ka rubuta ba 2.30 ba, saboda 30 rabin 60 ce. To haka nan ma. Minti 59 sai ka raba ta da 60, ta ba ka 0.983, wato 12.983 ya kamata ka sa. Ɗayar kuma 41 ka raba da 60, ta zama 7.683. Kai kuma ka sa 12.59, ka ga ka zaftare kusan 0.39 na digiri. A ido ƙaramin abu ne, amma digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne a ƙasa, don haka ka ja gonarka kudu da fiye da kilomita 40, ɗaya lambar kuma ta ja ta yamma da kusan 30. Shi ya sa ta tsinci kanta a wajen Kurfi. Kwamfutarsu ba ta yi ƙarya ba, abin da ka ba ta ta bi.

Naka ma da sauƙi. Akwai wani bawan Allah da ya kawo mani takardar fili a nan cikin Katsina, yaron da ya buga mashi ya juya lambobin, ya sa 7.6 a gidan latitud ya sa 12.9 a gidan longitud, da muka ɗora a taswira sai ga filin a Kamaru, yankin Ngaundare. Mutumin ya kama haɓa ya ce shi ko fasfo ba ya da shi. Ku riƙe wannan: a Katsina da Daura babbar lambar ita ce latitud kuma ita ake fara rubutawa.

Abin da za ka yi, ka koma gonar, amma kar ka tsaya gindin gawon nan tunda shi a rani yake da ganye, ka fito fili inda waya za ta ga sama sosai don daga taurarin ɗan adam na GPS take samun lissafin, aƙalla guda huɗu take buƙata. Ka ba ta kamar minti ɗaya ta nutsu. Ka buɗe Google Maps ka danne yatsa a kan ɗigon da ke nuna inda kake, zai fito maka da lambobin a tsarin ɗigo kai tsaye, sai ka kwafa gaba ɗaya kar ka yanke wutsiyar. Don lamba ta ukku bayan ɗigo tana nufin kamar mita 111, ta huɗu mita 11, ta biyar kuma mita ɗaya da 'yan kai. Wanda ya rubuta 12.98 kawai ya tsaya, unguwa ya nuna ba gona ba.

Sai dai gargaɗi, don na ga abin ya fara yawa. Kar wani ya ɗauki waya ya ce zai raba gardamar iyaka da maƙwabcinshi da ita. Waya takan kauce da 'yan mitoci, yau ta ce nan gobe ta ce can, kuma a gona taku biyar ma ya isa a kai mutum gaban mai unguwa. Na fom ta wadatar, na iyaka a kira masu na'ura.

Ɗayan ɓangaren tambayar kuma na bar wa Baba Malam, nasan yana nan yana karantawa.

Tsohon Malamin Jogirafi:

Ina nan kuwa. Mai Awon Fili ya gama da fom, ni bari in ɗauki maganar dattijo, don ni a wurina ita ce ta fi daɗi, kuma ka gaya mashi rabin maganarshi gaskiya ce. Babu wani layi a ƙasa. Amma abin da layin ke nunawa yana nan, kuma ba a takarda yake ba, a sama yake, da idonka za ka gan shi.

Mu fara da lambar. Yarana a aji kullum suna ɗauka latitud nisa ne kamar kilomita, alhali kusurwa ce. Ka ɗauki kankana ka soke ta da tsinke daga gindi ya fito ta ka, ka juya ta a kan tsinken, haka duniya ke juyawa sau ɗaya a kwana. Inda tsinken ya fito sama shi ne ƙuryar arewa, na ƙasa ƙuryar kudu. Ka ɗaura mata zare a ƙugu, daidai tsakiya tsakanin biyun, wannan shi ne ikwaita, shi ne sifili. Yanzu ka ɗauka kana zaune a cikin tsakiyar kankanar ka miƙe hannu kana nuna zaren, sai ka fara ɗaga hannun sannu sannu har ya nuna Katsina. Yawan ɗagawar da ka yi, digiri 13 saura kaɗan, shi ne 12°59' ɗin da wayarka ta ce. In ka ci gaba da ɗagawa har hannun ya miƙe sama sak to 90 ke nan, ka kai ƙuryar arewa, ba a wuce nan. Harafin N ɗin yana cewa ne arewa da ikwaita kake, mutumin Afirka ta Kudu S zai gani.

Duk garuruwan da ke da wannan kusurwa ta 13, in ka haɗa su sai su yi zobe ya zagaye duniya, shi ne layin da ka gani a teburin firinsifal. In ka leƙo duniya daga saman ƙuryar arewa, layukan kamar ɗinkin faifai suke, zobe cikin zobe, na bakin shi ne ikwaita mafi girma, suna ƙanƙancewa har su zama ɗigo a cibiya, kuma ba wanda ke taɓa ɗan'uwanshi. Zoben da muke kai ya bi ta kusa da Sakkwato, ya ratsa mu, ya ratsa Daura, ya wuce Chadi da Sudan, ya tsallaka teku ya faɗa Indiya, birnin Bangalore kusan lambarmu ɗaya da su.

Kilomita 111 ɗin ma ba daga sama ta faɗo ba. Zagayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, raba shi gida 360 ka gani. To 13 sau 111, kai da ikwaita akwai kilomita 1,440 ko kusa da haka. Baba da ya je Ikko ya sauka tsanin nan bai sani ba: Katsina 13, Kano 12, Funtuwa 11 da rabi, Zariya 11, Kaduna 10 da rabi, Abuja 9, Ikko 6 da rabi. Ta sama kuma Maraɗi 13 da rabi, Agadas 17. Najeriya gaba ɗayanta tsakanin 4 da 14 take kwance, mu muna kan matakalar ƙarshe.

Yanzu batun Bature. Layukan tsaye, wato longitud, waɗanda suke kamar tsagin jikin kabewa, su kam sifilinsu mutane ne suka zauna suka zaɓa, a taron Washington na 1884 aka tsayar da Greenwich ta Landan, da an ga dama da wani gari aka ɗauka. A nan Baba ya ci gari. Amma sifilin latitud ba wanda ya zaɓe shi, juyawar duniya ce ta ajiye shi inda yake, ko an so ko an ƙi.

Ga shaida ta farko. Da daddare bayan isha'i ka fita bayan gari inda ba hasken sola, ka fuskanci arewa. A wannan watan na Afrilu za ka ga taurari bakwai a sama masu siffar ludayi a kife. Biyun da ke bakin ludayin ka bi su da ido ka gangaro ƙasa, za ka iske wani tauraro shi kaɗai, ba wani haske ne da shi sosai ba, kar ka sa ran ganin irin Zara. Wannan shi ne tauraron arewa, yana kusan saitin tsinken kankanar nan, shi ya sa duk taurari ke tafiya cikin dare shi yana nan inda yake. Ka miƙe hannunka iyakar tsawonshi ka dunƙule, dunƙule ɗaya kamar digiri 10 ne. Ka ɗora gindin dunƙulen a inda sama ta haɗu da ƙasa, za ka ga tauraron ya ɗara dunƙule ɗaya da kamar yatsa biyu. Sha ukku ke nan. Tsayin tauraron nan daga ƙasa shi ne latitud ɗin inda kake tsaye, ba waya ba data. A Agadas ya fi haka tashi, a Ikko ya sauko har da wuya a gan shi saboda gine-gine da hazo, wanda ya tsallaka ikwaita ya yi kudu kuwa ya rabu da shi ke nan.

Shaida ta biyu ta fi sauƙi kuma ta kusa. Saboda tsinken duniya a karkace yake da digiri 23 da kusan rabi, rana ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa arewa har layin 23 da rabi a wajen 21 ga Yuni, sannan ta juya ta gangara kudu har 23 da rabi na can a Disamba. A kan hanyarta dole ta bi ta saman kanmu sau biyu, da tafiya da dawowa. A layin 13 wannan yana faɗawa wajen 24 zuwa 25 ga Afrilu, sai kuma wajen 18 ga Agusta, amma na Agusta sau da yawa hadari ke rufe shi. Ranar ta Afrilu, da misalin 12:28 na rana agogon Katsina, ka tsayar da wani abu miƙaƙƙe a daɓe mai lebur ka ga ikon Allah, inuwarshi za ta shige ƙarƙashinshi ta ɓace. Kano tasu ta riga tamu da kamar kwana ukku, Landan kuwa har abada ba za su ga wannan ba don sun wuce 23 da rabi.

Da irin wannan ne wani masani a Iskandariya ta Masar mai suna Eratosthenes ya auna duniya fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ji labarin a Aswan akwai ranar da rana ke haska har ƙasan rijiya, a ranar sai ya auna inuwa a Iskandariya ya samu ta karkace da digiri 7 da ɗan ɗori, wato kashi ɗaya cikin 50 na zagaye, sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50. Sanda da inuwa kawai. Ina yawan gaya wa ɗalibai da ba a gina wa rijiyar Kusugu ɗaki ba da mu ma mun yi namu gwajin a Daura.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah ya ƙara lafiya Baba Malam, wlh da haka aka koya mana a aji da ban faɗi jogirafi ba. Oga Mai Awon Fili na gode, gobe da sassafe zan koma gonar. Na karanta wa Babanmu bayanin, ya ce kankana dai ya ji, amma shi sai ya ga inuwar ta ɓace da idonshi tukuna.

Almajirin Gobarau:

Allah ya saka wa Baba Malam da alheri. Ina so in ɗan ƙara wani abu saboda maganar "Bature ne ya zana", don tana yi mani ciwo in ji ana miƙa masu abin da magabatanmu suka sha wahala a kai. Malaman falaki sun daɗe da sanin wannan, a littattafansu latitud shi ne ardul balad, longitud kuma ɗulul balad, ikwaita kuwa khaɗɗul istiwa'i. A zamanin Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, wajen shekara ta 830 Miladiyya, daga Bagadaza aka tura masana zuwa filin Sinjar, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu suna auna ƙasa suna duban sama har aka samu canjin daraja ɗaya cif, wato digiri guda, suka dawo da mil 56 da biyu bisa ukku na milin Larabawa, wanda in aka juya shi bai yi nisa da kilomita 111 ɗin da ake faɗa yau ba. Mu nan ma ba baƙi ba ne a ilmin lissafi da taurari, Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ɗan ƙasar nan ne, a Alƙahira ya rasu a 1741 bayan ya yi suna a can.

Mi ya sa suka damu? Salla. Lokutan salla da rana suke tafiya, tafiyar rana kuma ta danganta da inda kake, shi ya sa manhajar kiran salla da ke wayarka take fara tambayar lokeshan. Sai alƙibla. Mu mun saba cewa "ya fuskanci gabas", har gabas ta zama sunan alƙibla a bakinmu, amma Makka tana kan digiri 21 da kusan rabi, mu muna 13, ka ga ta fi mu arewa. In aka yi lissafin daga Katsina alƙibla tana kan kusan digiri 70 daga arewa, wato gabas ce amma ka karkata hagu da kamar 20. Wanda ya saita masallacinshi da gabas sak ya ɗan kauce, kuma na sha gani a masallatan ƙofar gida ana karkata tabarmi bayan an gama gini.

Abin da Baba Malam ya faɗa na ɓacewar inuwa yana faruwa a Makka ita ma, rana na tsayawa saman Ka'aba a 27 ko 28 ga Mayu da 12:18 agogonsu, wato 10:18 na safe a nan, sai 15 ko 16 ga Yuli da 10:27 namu. A wannan mintin duk inda ka ga rana nan ne alƙibla. Ka kafa sanda, ka ja layi a kan inuwarta, ka tsaya a kan layin kana fuskantar sandar, shi ke nan.

Maman Khairat:

Slm 'yan gida. Ni ban san lissafi ba amma latitud kam na ɗanɗana shi a jikina lol. 'Yar Ƙofar Ƙaura ce ni, aure ya kawo ni Landan, nan muna kan 51 da rabi. Azumina na farko a nan 2016 ne, ya faɗo a Yuni. Jama'a a yi sahur kafin ukku na dare, sai bayan tara na dare a sha ruwa, fiye da awa 18, ga rana tsaye ƙarfe takwas kamar la'asar sakaliya. Sai in kira Hajiyarmu a gida in iske sun sha ruwa sun yi tarawihi har an fara hira a tsakar gida, agogonmu kuma ɗaya ne a lokacin bazararsu, ni ina nan ina kallon kunun tsamiyata yana hucewa. Ta ce wai ko dai malaman can ne ke tsawwala mana. A Disamba kuma abin ya juye, kafin huɗu na yamma an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk a jere kamar ana koro su, yara su taso makaranta cikin duhu.

Sai da na zo nan na gane ni'imar da muke ciki a gida, a Katsina yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura 11, shekara ta zagayo ba ka ma lura sosai. Maigidan ya ce mu gode Allah, waɗanda ke Tromso a arewacin Norway sun wuce layin 66 da rabi, kusan wata biyu rana ba ta faɗuwa masu sam. Na ce a'a su dai da haƙuri.

Ɗan Kusugu:

To ni dai abin da na fahimta a duk bayanin nan shi ne Daura na sama da Katsina, mu 13°02' ku 12°59', ko a taswira uwa tana gaba da ɗa. Shi ya sa ma muke riga ku shan ruwa da azumi, latitud ɗinmu ya fi naku. A yi haƙuri Katsinawa.

Tsohon Malamin Jogirafi:

Ɗan Kusugu ka ci rabi ka faɗi rabi. Minti ukkun da kuka fi mu gaskiya ne, amma duka duka bai kai kilomita 6 ba, don minti ɗaya na latitud mita 1,852 ne ko kusa, wanda shi ne milin da masu jirgin ruwa ke amfani da shi. Shan ruwa kuma ba wannan ya ba ku ba, kun fi mu gabas ne, kuna 8.3 muna 7.6, kowane digiri na longitud kuma minti 4 ne na agogo, shi ne kuke riga mu da kamar minti ukku. Kar a cakuɗa su.

Kuma tunda na dawo bari in toshe wata ƙofa kafin wani ya shigo ta nan. A littafi ana cewa duk wanda ya fi kusa da ikwaita ya fi zafi, sai yaro ya tambaye ka to mi ya sa Jos da ke wajen digiri 10 ta fi Katsina sanyi, ka tsaya kana susar kai. Tudu ne, Jos ta haura mita 1,200 a sama. Bangalore ɗin da muke layi ɗaya da ita ma kan tudu take, ba ta san irin wannan zafin na Afrilu da muke sha ba. Latitud yana gaya maka yadda rana ke tafiya a samanka da tsawon yininka, bai ɗauki alkawarin sauran ba. Inda yake aiki a fili a ƙasarmu shi ne damina, daga kudu take tasowa tana hawa tsanin nan, Funtuwa ta yi shuka mu muna nan muna duban gabas.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Jama'a na dawo da rahoto, yau 25 ga wata.

Na farko fom ya gyaru, na koma na tsaya nesa da gawo na kwafo lambobin har wutsiya, an kira an ce yanzu gona ta dawo gida. Taki dai har yau shiru amma wannan wata maganar ce.

Sai gwajin inuwa. Tun sha biyu saura na rufe shago na taho gida, na ce a ba ni taɓarya, uwargida ta bi ni da kallo ta ce lafiya dai ko. Taɓaryar ta ƙi tsayuwa, sau biyu tana faɗuwa har ta kusa fasa randa, sai ƙaramar ɗiyata ta kawo gwangwanin madara babba da kwalbar lemo muka jera su a kan simintin tsakar gida. Baba yana zaune bakin zaure a inuwa da carbinshi yana yi kamar ba ya kallo. Sha biyu daidai akwai 'yar inuwa ta ɓangaren yamma kamar faɗin yatsa, muna tsaye zufa na zuba simintin na ƙona ƙafa, tana ta janyewa tana janyewa, yara na ƙirga minti a wayata. Wajen 12:27 wlh tallahi babu komai, gwangwanin nan kamar an liƙa hotonshi a ƙasa, har wani iri abin yake a ido. Yaran suka sa ihu, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko maciji ne.

Sai ga Baba ya taso da sandarshi ba takalmi, ya zagaya gwangwanin sau ɗaya, ya tsayar da sandar tashi ya duba gindinta, ya ɗaga kai ya ƙifta ido ya sauke. Bai ce komai ba har inuwar ta fara leƙowa ta gabas. Sannan ya ce to, wannan malamin naku ya san rana, amma layi dai har yanzu bai gani ba, a kawo mashi ruwa.

Tauraron ne ban samu ba tukuna, jiya na fita bayan isha'i na ga ludayin sarai amma ƙasa ƙasa duk ƙura ce ta tokare arewa. Baba Malam in an yi ruwan farko sama ta wanke zan sake gwadawa, ko akwai lokacin da ya fi dacewa cikin dare?